Ƙullin Daddawa Bakwai

"Gwaggo, ɗan matsa, kina tare mini haske," in ji Jamil, yana ɗaga wayarsa saitin ɗakin da kakarsa ta cika da safe.

Safara'u ta matsa. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninta da Inna Tahira, kuma wata huɗun da tsohuwar ta yi a kwance, ita ke juya ta, ita ke dama mata kunu, ita ke wanke mata zannuwa. Jikokin kuwa sai da aka dawo daga maƙabarta suka iso daga Kano, mota biyu, kowa sai tashin turare.

Su bakwai ne, duk a bayan Inna suka girma bayan rasuwar uwarsu. Da Jamil ɗin nan a goye Inna take bin kunyoyin gyaɗa. Da ƙanwarsa Ummi ta yi ƙyanda, a ƙafa Inna ta kai ta asibitin Tsanyawa. Ga Ummin yanzu a kan kujera, wai tabarma na sa mata ciwon baya, tana matso hawaye duk sanda waya ta juyo kanta.

"Wallahi kullum tana raina," in ji Ummi. Sai ta waiwayo. "Gwaggo, wai mene ne sunanta na yanka? Zan rubuta sanarwa."

Safara'u ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi.

"Tahira."

"Yaya ake rubuta shi?"

"Ban yi boko ba. Ita ma ba ta yi ba. Ku ta tura."

Jamil ya ci gaba da latsa waya.

Ana idar da la'asar suka miƙe, wai gobe akwai aiki. Safara'u ta shiga ɗakin ta fito da ƙwarya.

"Ga saƙonku. Kwana uku kafin ta cika ta sa na tayar da ita zaune. Hannunta na rawa ta ƙulla daddawar nan, tana kiran sunanku ɗaya bayan ɗaya. Ta hana ni kiran ku, wai kada a tayar muku da hankali."

"Allah sarki Inna," in ji Ummi, ta karɓa da yatsu biyu. A soro Safara'u ta jiyo ta tana raɗa wa Jamil, "Za ta cika mana mota da wari."

Da motocin suka ɓace cikin gonakin dawa, Safara'u ta fito. Ƙwaryar na nan a kan dakali, kaji sun fara zagaye ta. Ta kore su, ta zauna ta ɗora ta a cinya. Ƙulli biyu sun warware, don hannun da ya ɗaure su ba ƙarfi. Ta ɗauko na farko, ta ja bakin tsumman a hankali, ta sake ɗaurewa.