Kalma Biyu a Katin Awo

Mota na tashi daga bakin asibiti, wata mai ɗinki ta gyara wa 'yarta zama a cinya, ta sake buɗe katin awo. Nas ta yi rubutun ne a gurguje, mata na jira a bayanta. Kalmar farko, *growth*, an yi mata alamar daidai. Ta biyu, *development*, an zagaye ta da jan biro.

Turancinta na sakandare ne, kuma a saninta duka biyun girma ne. To me ya sa ɗaya ta ci, ɗaya ta faɗi?

Dattijon da ke gefenta na naɗe jarida, tabarau a goshi.

"Baba, don Allah kana jin Turanci?"

"Shekara talatin na koyar da shi, 'yata. Kawo mu gani."

Ya sauko da tabarau, ya ɗora yatsa a kan ta farko. "Wannan girman jiki ne, abin da sikeli ke iya gani. Kabewa ma tana yin sa."

"Ai kuwa kabewa ce," ta ce tana dariya. "Wata goma sha huɗu, bayana har ciwo yake. Ta biyun fa? A rediyo nake jin ta idan za a yi titi."

"Can ci gaba ne. A wajen yaro kuwa..." Ya ɗan sosa gemu, da alama tambayar ta yi masa daɗi. "Mu girma ɗaya muke cewa, su suka raba shi biyu. Wannan ba nauyi ba ne, iyawa ce. Jiya bai iya ba, yau ya iya. Zama, rarrafe, ya ce mama, a kira shi ya waiga."

"Tana zama. Tana rarrafe har ƙarƙashin keken ɗinki."

"Madalla. Magana fa?"

"Ba ta da surutu. Kakarta ma Mai Haƙuri take ce mata. Ina taka keke a kanta, barcinta take sha, ko motsi..."

Ta sunkuya ta dubi 'yarta.

Yarinyar na kallon taga, tana lasar yatsa. Uwar ta ciro makullan shago daga jaka, ta kai su bayan kunnen yarinyar na dama, ta kaɗa. Matar da ke kujerar gaba ta waigo. Uwar ta koma kunnen hagu, ta kaɗa da ƙarfi. Har kwandasta ya waigo.

Yarinyar na nan tana kallon taga.

"Baba, ƙarfe nawa suke tashi a asibitin?"

"Biyu, ina jin. Yanzu ɗaya saura."

Ta miƙe tana saɓa yarinyar a kafaɗa, ta buga jikin motar da tafin hannu.

"Akwai sauka!"