Baba Yari Yana Jin Ɗari a Bazara

"Sahabi, ɗauko mini bargon nan."

Na ajiye sufanar gyaran babur na dube shi. Tsakar rana ce, zafin bazara ya sa ko kwanon shagona ba ya taɓuwa, amma Baba Yari, maƙwabcina, yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana karkarwa.

"Baba, bargo a wannan rana?"

"Ɗari nika ji, ɗana."

Da na lulluɓe shi na kama hannunsa. Tafin ya yi fari fat. Wannan hannun ne ya tsufa yana tura amalanke tsakanin kasuwar Illela da bakin iyaka. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune. Ɗiyarsa ɗaya, Ummu, tana aure a Birnin Konni, kuma a shekarar an rufe iyaka.

Na rufe shagon gyaran babur ɗina na kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, aka ɗebi jini. Ta ce ciwon sugan da ya daɗe da shi ya lalata ƙodarsa, ƙoda kuwa ita ce ke sa jiki ya yi sabon jini.

"To a ƙara mishi," na ce.

"Za a ƙara. Amma jikinsa ba ya yin nasa, zai sake raguwa."

Jininmu ya zo ɗaya, na bayar. Muka dawo gida, ya ɗan murmure. Har ya taka zuwa masallaci ba sanda, ya tsaya yana tsokanar mai shayi. Maƙwabta suka riƙa aiko da zogale da alayyafo, sannu a hankali kowa ya koma harkarsa.

Kafin damina ta sauka numfashinsa ya fara gajarta. Daga tabarma zuwa buta sai ya huta. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga.

"Baba, mu koma Sakkwato."

"A yi mi? A sake zuƙe ka? Kana da ɗiya ƙanana. Bar jininka inda Allah ya aje shi."

"To in kira Ummu."

Ya daɗe yana kallon titi, babura na wucewa da jarkoki.

"Tana da tsohon ciki. Kak ka sa ta bi daji."

Na kira ta duk da haka. Ta ce za ta nemi mai babur da ya san hanya.

Ranar Talata da hantsi matata Shahida ta kai masa kunu, ta dawo da kofin a hannu, ta ce Baba ya cika. Mutanen da suka raka shi maƙabarta ba su cika sahu biyu ba.

Ummu ta iso bayan la'asar, ƙaya ta yage gefen zanenta. Ta ga ƙofar a buɗe, an naɗe tabarma. Ta zauna a bakin ƙofa da ƙyar, ta kwance ɗaurin da ke hannunta. Ɗan kwano ne na gasasshiyar hanta.

"An ce tana ƙara jini," ta ce.

Ta mayar da murfin, ta riƙe kwanon a cinyarta.