Saƙon Ɗangoggo Zuwa Orozo

"Malam, ka same shi?" Ɗangoggo ya tambaya tun kafin Malam Muktar ya gama cire takalmi.

Malam Muktar ya zauna a bakin katifar, ya gyara wa maƙwabcin nasa filo. Shekara shida ke nan yana zaman nasiha a masallacin unguwarsu a Jikwoyi, yana sasanta waɗanda suka ɓata. Ranar da asibiti suka ce a mai da Ɗangoggo gida a ci gaba da addu'a, shi ne ya gaya masa cewa tuba na wanke haƙƙin Allah, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Haƙƙin kuwa na Ebenezer ne. Tare suke tuƙi a wata ma'aikata. Da aka gano ana satar mai, Ɗangoggo ya rantse Ebenezer ne, alhali ya san ba shi ba ne. Aka kori Ebenezer.

Da safen nan Malam Muktar ya hau acaɓa har Orozo don ya nema wa Ɗangoggo yafiyar Ebenezer, ya tarar da matar Ebenezer tana shanya rogo a tsakar gida.

"Oga ya mutu tun bara," ta ce. "Har ya mutu yana cewa shi ba ɓarawo ba ne."

"Ke fa, Madam? Ki yafe wa Ɗangoggo mana."

"Ni ya yi wa? Wanda zai yafe yana ƙarƙashin ƙasa."

Da wannan amsar ya dawo.

"Malam, magana nake yi," in ji Ɗangoggo.

"Ya riga mu gidan gaskiya, Ɗangoggo."

Ɗangoggo ya kalli silin. "To yanzu wa zan roƙa?"

"Ka roƙi Allah. Rahamarsa tana da faɗi."

"Ai kai ka ce sai mai shi."

"Na ce."

Malam Muktar ya kama hannun maƙwabcin nasa. Yana nan riƙe da shi har Asibi, matar Ɗangoggo, ta shigo da kunu, amma ba wanda ya sha.

Washegari bayan azahar Ɗangoggo ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Malam Muktar ya tarar da mutum biyu suna jiransa a ƙofar ɗakin da yake zaman nasiha a masallaci. Ya yi musu sallama, ya zauna a kan bencin waje, makullin ɗakin na hannunsa, bai buɗe ba.