Ƙofar Garejin Baba Chollom

"Baba, wasiƙa ta biyu ke nan," in ji Raymond, yana kaɗa takarda a bakin gareji. "Kwamitin unguwa sun ce a riƙa rufe ƙofar nan. Wai tana rage wa gidaje daraja."

Maƙwabciyarsu Sailuba ta tsallako titi da fulas ɗin kunu, ta tarar da zancen. Baba Chollom na kan kujerarsa ta roba tsakanin injin yankan ciyawa da kwalaye, ya rufe gwiwoyi da bargo. Wata bakwai ke nan da ɗansa ya ɗauko shi daga Jos, kuma tun satin farko ya mai da garejin zaure. Da safe zai buɗe ya zauna, yana ɗaga wa kowace mota hannu, ko a amsa ko kar a amsa.

"'Yata, kin ji ko?" ya ce. "Sun gina wa mota zaure, mutum kuma an ce ya shige ciki ya ɓuya. Ashe ni ke karya musu farashi."

"Ai kai ne adon layin nan, Baba."

"Faɗa wa maigida."

Shekarar 2006 ce, lokacin da kowa a unguwar Mitchellville ta Amurka yake ganin ya iso. Inda dawakai ke kiwo bara, bana gidaje ne masu ɗaki biyar. A coci, a masallaci, a wurin suna, karatun ɗaya ne: farashin gida ba ya faɗuwa, sai dai ya hau. Raymond da matarsa Becky duk ma'aikatan asibiti ne, aiki biyu-biyu, gidan kuwa ba sa samun zama a ciki, sai ka rantse don agogon bango aka saye shi.

Ranar Litinin ƙofar garejin ta wuni a rufe. Talata ma haka. Laraba da hantsi Sailuba ta dama kunu ta je ta danna ƙararrawa. Shiru. Ta sake dannawa. Daga bayan ƙofar gareji ta ji wani ɗan motsi, kamar an ja roba a kan siminti.

"Baba? Salamu alaikum."

Makullin gidan na cikin jakarta, Becky ce ta ba ta ko da wani abu zai taso. A Zariya da tuni tana tsakar gida tana cigiyar mutane. Amma shekara goma sha tara a ƙasar nan ta koya mata ladabin da ba a koya mata a gida ba, kuma ita Beckyn ta taɓa ce mata cikin murmushi, "Anti, ki riƙa bugo waya tukuna." Ga dillaliya na jiranta a Largo, za ta nuna mata gida na biyu da kowa ke cewa wauta ce a bari ya wuce. Ta ce a ranta barci yake. Ta juya.

Ƙarfe biyar Raymond ya dawo ya sami mahaifinsa kwance a ƙasan gareji, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya cika washegari da safe. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, wataƙila.

Ranar Asabar gidan ya cika a karon farko. Mutanen Filato da Kaduna suna waƙar coci a falo, takalmansu jere a bakin ƙofa har kan ciyawa. Sailuba ta ja Raymond waje.

"Na zo ran Laraba. Na ji motsi. Makulli yana hannuna, ban buɗe ba."

Raymond ya kalli titi.

"Anti, ba ki yi laifi ba. Nan ba a shiga gidan mutane haka."

"Shi ma haka zai ce?"

Aka kira Raymond daga ciki, fasto ya iso.

Da ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Tana tsaye a wurin sai famfunan ban ruwan ciyawa suka tashi da kansu, lokacinsu ya yi. Ruwa ya shiga sauka a kan takalman masu gaisuwa. Sailuba ba ta san inda ake kashewa ba. Ta sunkuya tana kwashe su bibbiyu zuwa kan dakali, mayafinta na jiƙewa.