Baƙin Shayin Baba

Ni tela ce, don haka tun kafin sikelin asibiti ya faɗa, wandon Baba ya riga ya gaya mini yana ƙarewa. Na rage masa ƙugu na aika, ba a jima ba Auta ta sake aiko mini da shi a leda, wai yana zamewa. Na sake ragewa. Da ya kuma dawowa na shimfiɗa shi a kan teburin yanka, na ga aljihunan baya sun kusa haɗuwa da juna, sai na ajiye almakashi, na ja ƙofar shago, na tari mota zuwa gidan.

Auta ƙanwata ce, malamar firamare. Ita ke zaune da Baba tun rasuwar Mama, a gidan haya na sama mai ɗaki biyu da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai sun gogi juna. Ni ce babba, kuma duk dangi sun shaida bakina ba shi da linzami.

Ciwon mantuwa ne ya kama Baba. Ya fara da makulli da tabarau, ya koma kan hanyar gida, sannan ya shiga cin sunaye. Ni yana kirana da sunan wata yayarsa da ta rasu tun ban san kaina ba. Auta kuwa, wadda ke yi masa wanka da aski, "Malama" yake ce mata, saboda yana ganinta da jakar littattafai. Daga baya abin ya iso kan abinci. Sai ya kai loma baki ya manta da ita a kunci, ya zauna yana kallon taga. Likita ya ce tunda tauna ta zama aiki, a koma ga abin sha mai gina jiki, kuma ya faɗi sunansa ƙarara: madara. A shayi, a cikin kunu, ko ita kaɗai.

Baba kuwa ba ya shan madara. Ta gari, ta gwangwani, ta kwali, duk ɗaya ne a wurinsa, har man shanu da duk abin da aka yi da ita. Shayinsa baƙi ne wuluk, muna tsokanarsa cewa da ruwan batir yake karya kumallo. In ya je gidan mutane aka ɗago gwangwani za a zuba masa, tafin hannunsa kawai yake ɗorawa a bakin kofin ya yi murmushi. Mutane sun ɗauka cikinsa ne ba ya so. Abokansa suna cewa bai taɓa yiwuwa mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kamfanin madara ya ce ba ya sha ba, sai dai in ya ga abin da ake zubawa a ciki.

Ba abin da ake zubawa. A gonar kamfanin Baba ya yi aiki, can bayan gari, inda shanu ke jere a dogayen rumfuna ana tatsarsu da inji. Saniya ba ta kawo nono sai ta haihu, kuma in an bar mata ɗanta shi zai sha. Aikin Baba shi ne ya ɗauke ɗan maraƙin tun jikinsa bai gama bushewa ba, ya sa shi a baro, ya tura zuwa wata rumfa daban. Ya daɗe yana yi ba tare da ya taɓa tunanin komai ba, aiki ne kamar kowane aiki.

Sai aka haifi Auta bakwaini. Aka sa ta a kwalba a asibiti, aka sallami Mama ta dawo gida ba jaririya a hannu. Ina da wayo a lokacin, ina tuna Mama zaune a bakin gado, gaban rigarta jiƙe sharkaf da nono, tana kuka, ba wanda za ta ba. Washegari Baba ya je aiki, ya ɗauki wani ɗan maraƙi a baro, uwar ta biyo shi har ƙofar ƙarfe, ta zura kai ta tsakanin sanduna tana kuka, hantsarta tana ɗiga a kan siminti. Da ya dawo gida na haɗa masa shayi, na ɗauko madara, sai ya rufe kofin da hannu. Ya nemi a mayar da shi sashen ciyawa, kuma daga ranar madara ba ta sake wuce maƙogwaronsa ba.

Bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Mu da madarar aka rene mu, shi ke sayowa ma. Sau ɗaya tak ya ba da labarin, lokacin da Auta ta zama budurwa ta matsa masa da tambaya. Ya ce, "Ni ban ce haramun ba ce. Na dai san hannun da ya ɗauke su, kuma da shi nake riƙe kofi." Auta ta yi kuka a ranar, mu muka yi ta yi mata dariya, muna ce mata 'yar maraƙar Baba. Sunan ya bi ta har yau.

Da na isa gidan a ranar da na rufe shagon, na tarar da Auta tana fama da Baba da cokali. Ta niƙa ayaba da ƙwai, ta sayo madarar waken soya, ta dafa dankali ta murƙushe. Baba ya kurɓi ta waken ya tofar a kan rigarsa. Wuyansa ya zama kamar maratayin kaya. Na shiga kicin na haɗa wa kaina shayi don in huce, na zuba madara son raina, na zo na zauna kusa da shi. Ban ankara ba na ga hannunsa ya miƙo, yana bin ƙamshin, ya kama kunnen kofina. Auta ta yi wuf ta fizge, har shayin ya zuba mata a hannu.

Na ja ta zuwa matattakala don kada ya ji.

"Auta, kina da hankali kuwa? Mutumin nan yunwa ke kashe shi, ya miƙa hannu da kansa, ki fizge?"

"Yaya, bai san abin da ke ciki ba."

"To tunda bai sani ba, wa aka cuta?"

"Shi. Kin fi ni sanin abin da ya riƙe duk shekarun nan. Yanzu don ba ya iya kare kansa sai mu ɗura masa? In da yana cikin hayyacinsa, zai yarda?"

"In da yana cikin hayyacinsa da zai tauna abinci, da ba mu tsaya a nan muna wannan shirmen ba. Shanun nan sun mutu tun tuni, ke kuma ga ki nan ƙatuwa da ke, kin fito daga kwalba. Wa ya rage da ake yi wa wannan ƙauracewar?"

Ta shiga hura hannunta da ya yi ja. Ni kuwa sai na ƙara wuta, don haka halina yake. Na ce mata ba Baba take karewa ba, kanta take karewa, tana so a ci gaba da cewa saboda ita wani ya bar wani abu a duniya. Na ce in ya mutu da yunwa ta ɗauki baƙin shayin ta rungume. Maƙwabciyarsu ta buɗe ƙofa ta leƙo, ta mayar ta rufe.

Auta ta ɗago ido ta ce, "Yaya, bai san sunana ba. Bai san fuskata ba. Amma kullum in na kawo masa shayinsa baƙi, yana karɓa ya ce yauwa. Ni a wannan yauwa ɗin nake jin har yanzu ina wani wuri a cikinsa. Kin ce kaina nake karewa, to na ji."

Na so in ji tausayinta a lokacin, amma wandon nan na kan teburina, shi nake gani. Na sauka na tafi ban yi mata sallama ba.

Muka yi kwanaki ba ma magana sai ta bakin mijina, wanda ya gaji da zama ɗan aike ya ce mu biyun duka taurin kan Baba muka gado. Ana haka Baba ya faɗi a banɗaki. Bai karye ba, amma da muka kai shi asibiti nas ta ɗaga shi zuwa gado ita kaɗai, ko nishi ba ta yi ba. Likita ya dube mu ya tambaya ko ana ba shi abin da ya ce. Na buɗe baki, Auta ta riga ni. Ta ce a'a, amma za a fara.

A mota ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni zan haɗa, ni zan ba shi. Kuma a gabansa zan zuba, ba a ɓoye ba. In ya rufe kofin, Yaya, ba za ki sake tayar da maganar ba."

Na ce na yarda. Na ga yadda ta faɗa, ta tabbata zai rufe. Mutum na iya manta suna, amma hannu yana da nasa tunanin, haka ta yi imani. Kuma in faɗi gaskiya, ni da na yi ta hayaniyar nan, a wani lungu na zuciyata na so ta yi nasara.

Da hantsi muka zaunar da shi a kujerarsa ta gefen taga, muka tokare shi da matasai. Auta ta kawo kofinsa na ƙarfe, wanda kunnensa ya lanƙwashe, ta ajiye a kan ɗan tebur gabansa. Ta zuba baƙin shayin. Sannan ta ɗauko gwangwanin madara, ta durƙusa yadda zai gani sosai, ta ɗaga shi a hankali.

"Baba, madara ce. Ta shanu. In zuba?"

Ya kalli gwangwanin, ya kalle ta. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa, mu duka biyu shi muke kallo. Yatsun suka ɗan motsa. Auta ta karkata gwangwanin ta tsaya, ta jira. Hannun Baba ya tashi, ya nufi kofin, ya kama kunnensa, ya turo shi gaba don ta ji daɗin zubawa.

Ta zuba, shayin ya yi fari. Ya ɗauka da hannu biyu ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa, bai ajiye ba sai da ya ga gindin kofin. Rabon da in ga ya gama wani abu har na manta. Ya lashe leɓe, ya miƙa mata kofin yana fara'a.

"Kai, Malama, wannan shayi ya yi daɗi. Akwai saura?"

Ta ce akwai. Ta ƙara masa, ya shanye. Ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka. In kin koma gida ki gaida iyayenki, sun iya tarbiyya."

Ta ce, "Za su ji, Baba." Ta ɗauki kofin ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya. Ni na zauna ina goge masa haɓa da tawul. Ni ce na ci gardamar, kuma tunda nake cin gardama a rayuwata ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na yi nadamar abin da na faɗa mata a matattakala, na yi nadamar yarda da sharaɗinta. Da ma na bari an zuba a kicin a ɓoye, da ta ci gaba da zaton cewa in da ya gani zai rufe.

Baba ya murmure. Kumatunsa suka ciko, yana iya tafiya daga ɗaki zuwa taga ba riƙo. Wandon da na rage na warware shi na mayar da ɗinkin inda yake. Likita ya yaba mana, ya ce mun kyauta. Auta ke haɗa masa shayin safe da yamma, fari sol, ba ta taɓa fashi ba, kuma ba ta taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba. Da ta faɗa da na samu abin mayarwa.

Makon jiya na je da yamma na tarar Baba yana barci a kujera, ita kuma tana duba littattafan 'yan ajinta a kan tebur. Na ce bari in haɗa mana shayi. Na kawo kofi biyu, na zuba wa kaina madara, na juya da gwangwanin wajen nata. Ba ta ɗago daga littafin ba, jan biro na hannunta na dama. Ta miƙo na hagu ta ɗora tafinta a bakin kofin.

Na tsaya da gwangwanin a hannu. Na mayar da shi kicin, na dawo na zauna kusa da ita, muka sha shayinmu muna jin numfashin Baba.