Kafin a Saki Igiya

Kwana uku ke nan tsohon yana jin 'yarsa tana ambaton wani dillali a waya. Ba laɓe yake yi mata ba. Kujerarsa ce take bakin taga, ita kuwa Auta ba ta iya magana a hankali ba tun tana ƙarama.

"Dillalin ya ce ya miƙa," take cewa. "Su kuma can sun ce ba su gani ba."

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana dillancin shanu kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, don haka ya san warin irin wannan magana. Ranar Alhamis da safe ta fito da jakar kwamfutarta, sai ta tarar da shi ya sa hula, sanda a hannu.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Wurin dillalin naki. Ɗan gidan wane ne?"

"Wane dillali?"

"Wanda yake ɓatar miki da kaya yana rantsuwa."

Ta yi dariya har da dafa bango, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. A mota ta gaya masa damuwarta. Ita ce ta haɗa wa asibitin da take aiki hanyar da sakamakon gwajin jini zai riƙa tashi daga manhajar ɗakin gwaji ya sauka a manhajar likitoci, ba sai an ɗauki takarda ba. Kullum ɗaruruwa suna wucewa lafiya, amma a mako sai uku ko huɗu su ɓace. Jiya sai da aka sake huda hannun wata tsohuwa saboda nata ya yi ɓatan dabo. Shugaban asibitin ya ce zuwa gobe in ba ta gano dalili ba, za a koma takarda, a ɗauke ta daga aikin.

"To, dillalin fa?"

"Za ka gan shi."

Wani ɗan ɗaki ta kai shi a bayan ma'ajiyar magani, mai sanyi kamar cikin randa. Akwatin ƙarfe ne baƙi a tsaye, 'yan fitilu korra suna ƙifta ido a jikinsa.

"Ga shi nan. Manhaja ce, Baba, a cikin akwatin nan take. Dillalin saƙo muke ce mata."

Ya zagaya akwatin a hankali. Ya kara kunne, ya ji gunjin fanka.

"Ba ya gaisuwa?"

"Ba ya yi."

"Me yake ci?"

"Wuta."

Ya jinjina kai, ya ja kujera. Ta bayyana masa cewa manhajojin biyu ba sa magana da juna. Ta ɗakin gwaji tana ba dillali saƙo ta koma aikinta. Shi kuma ya jera saƙonnin a layi, ya riƙe, har ta likitoci ta zo karɓa. Ko barci take yi, zai jira ta.

"Lallai ɗan gida ne," in ji tsohon. "Ba sai mai kaya da mai nema sun ga juna ba."

Ana haka shugabar ɗakin gwaji ta leƙo, mace mai babbar murya, safar hannu ɗaya a cire.

"Injiniya, yau har da Baba aka taho? Tofi zai yi wa akwatin?"

"Kallo na zo yi, 'yata," ya ce. "An ce mini an ɗauki ɗan sana'armu aiki a nan."

"To ka ja masa kunne. Ni dai na aika, yana nan a allona. Kada kowa ya shafa mini laifi."

Ba ta tafi ba, ta jingina da ƙofa. Tsohon ya daɗe yana kallon Auta tana bin layuka a kwamfuta. Can ya ce ta karanta masa abin da dillalin ya rubuta game da saƙon tsohuwar jiya.

"Ya shigo ƙarfe goma da minti goma sha huɗu. An miƙa. An ce an karɓa. An goge."

"Wa ya ce an karɓa?"

"Manhajar likitoci. Da ta faɗa, sai dillali ya goge nasa."

"Ya saki igiya ke nan." Ya shafa gemu. "Yaushe take faɗa? Bayan ta ɗaure, ko tun tana miƙo hannu?"

Auta ta juyo.

"Abin da ya sa na tambaya," ya ce, "ina sabon shiga na taɓa miƙa wa wani mutum igiyar bijimi. Ya ce mini, na karɓa. Ashe bakinsa ne ya karɓa, hannun yana can yana gaisawa da surukinsa. Na saki. Bijimin nan bai tsaya ba sai cikin rumfar masu tukwane. Shi ya rantse bai taɓa igiya ba, ni na rantse na miƙa, kuma duk gaskiya muka faɗa. Daga ranar na daina sauraron baki. Sai na ga igiya a turke nake buɗe hannu."

Ba ta jira ƙarshen maganar ba ta buɗe wani shafi. Ta bi da yatsa, ta tsaya.

"Tun a bakin ƙofa take faɗa," ta ce a hankali. "Kafin ta adana. Ni na bar ta a haka." Sai ta girgiza kai. "Amma tsakanin faɗa da adanawa bai kai ƙiftawar ido ba. Me zai faru a ciki?"

"Wuta mana!" in ji shugabar ɗakin gwaji. "In aka ɗauke, kwamfutar likitoci mutuwa take yi kafin janareta ya tashi. Wannan shafaffe da mai ne kaɗai kuka sa wa batir."

Aka aika aka karɓo littafin da mai kula da janareta yake rubuta lokutan tayar da shi. Suka gwada da lokutan saƙonnin da suka ɓace. Goma sha ɗaya ne, kuma kowanne ya faɗa daidai kan mintin ɗauke wuta.

Gyaran bai kai tsawon shan ruwa ba: layin nan mai cewa an karɓa ta ɗauke daga sama ta mayar ƙasa, bayan na adanawa. Sannan ta haɗa wata kwamfutar gwaji, ta rage mata sauri, ta ɗora hannun mahaifinta a kan wayar wutarta.

"Baba, in na ce ja, ka ja."

Ta aika saƙon ƙarya. "Ja!"

Ya fizge, allon ya yi baƙi. A ɗaya allon kuwa saƙon ya koma kan layi, ya tsaya cak. Da aka mayar da wuta, dillalin ya sake miƙa shi, ya jira, sannan ya goge. Sau biyar suka yi, tsohon yana neman na shida.

Washegari da la'asar ta dawo ta same shi a bakin taga. An ɗauke wuta sau biyu, ta ce, ba wanda ya ɓace. Shugaban ya duba lokutan nan goma sha ɗaya, ya ce ta ci gaba da aikinta.

"Madalla," ya ce. "Amma akwai abin da ya tsaya mini. In ta riga ta ɗaure, sai wuta ta tafi kafin ta ce na karɓa fa? Ai zai sake kawo mata. Bijimi ɗaya ya zama biyu."

Auta ta ajiye jakar. Ta jawo tabarma kusa da kujerarsa, ta buɗe kwamfutar.

"To ku ya kuke yi?"

"Shaida muke sa wa kowanne a kunne, in an sake kawo shi mu gane," ya ce, yana gyara zama. "Nuna mini inda kunnen saƙon yake."