Gonar Baturiya Daga Sama

Tsohuwar da ake kira Baturiya tana cikin noma a gonarta ta gero a bayan Jiratawa sai ta ji ƙugi bisa kanta, kamar zuma sun tashi. Ta ɗaga kai, ta ga wani abu mai fukafukai huɗu tsaye cak cikin iska. Ta yar da hauya.

"Kada ki ji tsoro, Kaka," in ji wata budurwa mai hular kwano da ta fito daga tsakanin kunyoyi. "Sunana Tahira, daga Maraɗi muke. Hanyar jirgin ƙasa muke aunawa. Wancan kurman jirgi ne, marar matuƙi, hoto yake ɗauka."

Baturiya ta waiga da sauri. Ba geron take ji ba, tsohuwar tsamiyar da ke bakin gonar take ji, inda kakanninta suke yankan neman albarka tun kafin a haife ta.

"Ɗiyata, sare ta za ku yi?"

Tahira ta miƙo mata wata waya mai faɗin faifai. Da farko Baturiya ba ta gane komai ba, sai kore da ja. Can sai ta shaida rijiyar da marigayi mijinta ya haƙa, da burtali, da rumbunanta kamar ƙwai a faranti. Tun tana amarya take noma gonar nan, ba ta taɓa sanin siffar ƙwarya gare ta ba.

"Wannan ɗigon fa?"

"Ke ce. Ɗaga hannu."

Ta ɗaga. Ɗigon ma ya ɗaga. Ta rufe baki, ta sake ɗagawa.

Tahira ta dangwala tsamiyar da yatsa a jikin wayar, ta aika wa biro, wato babban ofishinsu. Kafin Baturiya ta gyara ɗankwali, muryar wani namiji ta fito daga wayar, ya ce yana kallon itacen, kuma layin jirgin can gabas da shi zai bi. Wani jan zare ya bayyana a hoton, ya wuce tsamiyar da nisa, ya miƙe.

"Yana ina, mai maganar?"

"Tafiyar yini guda ce a mota, Kaka."

Baturiya ta zauna bisa kunya. Daga baya ta roƙi Tahira kada ta sauko da abin tukuna, ta tafi da sauri ta kirawo Jummai maƙwabciyarta, don ta san in da baki ta faɗa mata, Jummai za ta ce ruɗin tsufa ne.